Hatimi Guda, Hannu Uku

Jiya wani daga cikinku ya tsaya a gaban teburina, ya kalli askata da madubina, ya ce, "Baba, har yanzu da hannu kake yi? Ai mu kafin shayi ya tafasa mun fid da hatimi uku." Na ce masa sannu da ƙoƙari. Ban yi musu da shi ba, don gaskiya ya faɗa. Na'urarku ta fi ni sauri, ta fi ni tsabtar aiki, ba ta ciwon baya, ba ta neman tabarau. Amma tunda kun ɗauka aikin hatimi danna maɓalli ne kawai, ku gyara zama in ba ku labarin shekarar da na kusa rasa sunana a garin nan na Malanville, da hatimin da ya jawo mini abin, wanda kuwa ya fi kowane aiki muni cikin duk abin da hannuna ya taɓa yankawa.

Ku fara sanin wannan: mai yanka hatimi ba shi da wata kadara sai suna. Teburin nan katako ne, kafinta zai yi mini wani gobe. Amma ranar da aka ce wane yana yanka hatimin mutane a ɓoye yana ba wasu, to ya tattara kayansa ya nemi wata sana'a, don ba wanda zai ƙara miƙa masa ko takardar ƙunshe ƙosai.

Aikin farko da aka ba ni wurin maigidana, Baba Dogo, can Gaya, da'ira ce. Lokacin har na fara gemu, na gaji da dakon buhu a tasha, na ce bari in koyi aikin zaune. Kullum in tsallaka gada da safe in dawo da la'asar, har 'yan duwan, wato kwastan bakin gada, suka daina tambayata takarda, sai dai su tambaye ni ko da'irar ta rufe. Wata uku ina yanka da'ira a robar ƙasan tsofaffin takalma. In na gama in miƙa masa, ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya ce, "Kai Sani, wagga da'ira ta ko ƙwan zabo?" Sai ya jefa ta cikin kwando ya miƙo wani takalmin. Ina jin rabin tsofaffin takalman Gaya ta hannuna suka bi.

Kayan aikin ba su da yawa. Aska siririya da ake karyawa a ɗaure a bakin kara, tsinken keke da aka wasa don ƙwaƙule cikin haruffa, madubin moto, wato babur, sholisho na manne roba a katako, sai tawada da matashinta. Komai a juye ake yanka shi, daga dama zuwa hagu, shi ya sa madubi ba ya barin tebur. In askarka ta zame ta cinye ƙafar harafi guda, ba gyara, sai sabon lale. Baba Dogo ba ya duka, ba ya zagi. Kallonka kawai zai yi ta saman tabarau har ka ji da ma dukan ya yi.

Ranar da ya sallame ni, doka guda ya ba ni. Ya ce kada in yanka hatimi ɗaya sau biyu, sai in mai shi ya kawo tsohon na yayyanka shi a gabansa. Ya ce ko uban mai hatimin ne ya zo, in ba shi wurin zama, in ba shi ruwa, in raka shi.

Na kafa teburina ke nan sai ƙasar ta koma dimokuraɗiyya, aka ce kowa yana iya kafa ƙungiya. Ku ba ku ga wannan zamani ba. Mutum uku in suka zauna a benci guda daga azahar, kafin la'asar sun zama ƙungiya: ɗaya parzidan, ɗaya sakatare, ɗaya ma'aji. Mambobi daga baya ake nema, amma hatimi yau-yau ake so. Na yanka wa masu kwale-kwale, na yanka wa 'yan kabu-kabu, na yanka wa masu shinkafa har ƙungiya biyu da ba sa ga maciji da juna. Shugaban mahauta ya ce shi zaki yake so a tsakiyar nasa. Ban taɓa ganin zaki ba sai a jikin kwalin ashana, amma na yi iya yina. Da aka buga, mutane suka ce kyanwa ce. Ya ƙura wa takardar ido ya ce, "Zaki na. Yunwa ta kama shi." Har ya bar shugabanci da wannan zakin yake aiki.

Babbar ƙungiya a cikinsu ita ce ta 'yan albasa, don ta haɗa manoman Madekali da na Tumbutu, tamu ta nan kusa ba ta Mali ba, da kuma 'yan kasuwar gari masu loda kamiyo, manyan motocin kaya, zuwa Kwatano. Parzidan ɗinta Alhaji Garba, ni na yanka masa hatimi, mai hoton albasa a tsakiya. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai kyauta, mai fara'a, shi ya ba ni inuwar rumfar shagonsa na ajiye tebur bai nemi komai ba. Ciwonsa ɗaya: yana son buga hatimi kamar yadda wani yake son goro. A aljihun gaba yake yawo da shi. In zai buga sai ya huro masa iska, ya ɗaga hannu sama, ya sauke shi tim, sannan ya ɗaga kai ya ga ko kowa ya ji.

Kundin tsarin mulkin ƙungiyar ya ce majalisar wakilai bakwai ce ke yin doka. Amma akwai wata 'yar aya can ƙasa da ta ce parzidan yana iya fid da ƙa'idojin aikin yau da kullum. Ta wannan 'yar ƙofa Alhaji ya shigo da raƙumi da kayansa. Wannan mako a ce da jan zare za a ɗinke buhu, mako mai zuwa a ce da baƙi. A ce kada amalanken jaki ya shigo tasha sai kamiyo ya juya. A ce kada a zauna a bencin parzidan ko da ya yi tafiya. Masu lodi a tasha kuwa ba ruwansu da karatu, balle wani kundi. In an nuna musu takarda, ƙasanta suke dubawa. In akwai hoton albasa, doka ce.

Duk an yi ta haƙuri har ya taɓa hula. Kun san buhun albasa ba a ɗinke shi a baki, sai an tula masa wata a sama an rufe da ƙyallen buhu, ita ce hula. Ɗan kasuwa buhu yake saye, hula kyauta ce, don haka tsawonta shi ne cinikin gaskiya. Alhaji ya fid da takarda ya ce daga yau hula kamu guda ce, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kuma da hannunsa za a gwada. Alhaji Garba kuwa dogo ne.

Aka kira babban taro. A lokacin kullum rediyo ana jin depite, 'yan majalisar ƙasa, suna jayayya da gwamnati a kan wa ke da ikon kafa wa jama'a doka, sai sakataren ƙungiyar, wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya ce su ma ai sai su gyara kundinsu. Wakilin manoma, Malam Sumaila na Madekali, wani kakkauran mutum da ba ya magana sau biyu, ya goyi baya. Wakiliyar mata 'yan kasuwa, Hajiya Zali, ita ma ta goya, don ta ce ta gaji da sayen zare kala-kala. Aka ƙara aya: ba wata ƙa'ida ta parzidan da za ta yi aiki sai majalisar wakilai ta amince. Da aka ce a ɗaga hannu, Alhaji ne ya fara ɗagawa, yana murmushi. Aka yi fatiha aka watse, kowa yana ganin an gama.

Bayan kwana huɗu ga sabuwar takarda a tasha, da albasarta a ƙasa. Aya tana cikin kundi, kundi yana cikin jakar sakatare, hatimi kuwa yana aljihun Alhaji.

Da hantsi Hajiya Zali ta zo teburina, ta zauna ba ta jira an ce zauna ba. Ta ce, "Malam Sani, kana raba goro?"

Na ce, "Ina rabawa, Hajiya, in na samu."

Ta ce, "To hatimi hwa? Shina rabuwa?"

Na ce ban taɓa gani ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganin hula ta fi kai ba sai bana. Abin da take so shi ne hatimi ɗaya, gida uku: ɗaya wurin parzidan, ɗaya wurin wakilin manoma, ɗaya wurinta, su biyun da sunan majalisa. Takardar da ba ta da albasa cikakkiya, masu lodi su ƙunshe gyaɗa da ita.

Aka sake taro, aka ƙara wannan a kundi, aka kira ni. Ni da nake jin kaina gwani, na ce zan yi musu wani gida na katako da za a jera yankan uku a ciki, a buga sau ɗaya, aiki ya fito tsaf. Malam Sumaila ya ce, "Gidan, wa za shi riƙe shi?" Alhaji ya yi gyaran murya ya ce shi dai yana da wurin ajiya. Dariyar da aka yi ce ta kashe maganar gida. Aka ce kowane yanki da mariƙinsa, kowa ya buga nasa da hannunsa. Nan take aka karɓi tsohon hatimin na yayyanka shi a gaban jama'a, Alhaji ya kau da kai kamar ana yanka ragon da ya yi kiwo.

Kwana shida aikin ya ci mini. Na sami roba mai kauri na yanka hatimin cikakke tukuna, da'ira biyu, sunan ƙungiya a kewaye, albasa da ganyenta a tsakiya. Da na buga gwaji na ga kyansa, sai da na ji kamar in ɓoye shi. Sannan na wasa aska na raba shi uku daga cibiya, ina lallaɓa yankan ya bi tsakanin haruffa kada ya fille wa wani kai. Kowa ya sami sulusin albasa. Na sassaƙa mariƙi uku, na huda kowanne don a sa igiya.

Ranar bugu na farko a rumfar albasa aka yi, a kan benci, takardar da ta mayar da hula yatsa huɗu. Kwafi biyu ake yi, ɗaya ta tasha, ɗaya ta ajiya. Alhaji ya fara, da sauri da fushi, nasa ya karkace. Hajiya ta yi bisimilla ta ɗora nata a hankali, ta ɗan murza, ya fito dishi-dishi. Malam Sumaila ya tashi tsaye ya danna nasa da dukan ƙarfinsa kamar mai dasa rogo a fako, tawada ta malala. Da'irar da na yi wata uku ina koyo ta fito kamar ƙwaryar da aka fasa aka ɗinke. Bai isa ba, a kwafi na biyu wani ɗan ɓawon albasa ya manne a yankin Malam Sumaila, ya bar farin tabo kamar yankan farce a gefen ganyen. Na ce a sake. Hajiya ta ce, "Bar shi, Malam Sani, ita ma albasa ta sa hannu." Aka yi dariya, aka manna mai dama-dama a tasha, mai tabon kuma aka sa ta cikin jakar ajiya a biron parzidan, wato ofishinsa. Na koma gida ina jin kunya, ina addu'a kada Baba Dogo ya gani.

Amma fa abin ya yi aiki. Malam Sumaila ya rataya nasa a wuya tare da layunsa, aka ce ko wanka zai yi ba ya cirewa. Hajiya ta ƙulle nata a bakin zane. In Alhaji yana son ƙa'ida, sai ya tura kabu-kabu har Madekali, a tarar Malam Sumaila yana ban ruwa, ya ce sai jibi. In ya zo, Hajiya ta tafi suna Gaya. In an haɗu, sai an karanta takarda da Faransanci, an juya ta da Dandanci, an juya ta da Hausa, wakilai bakwai kowa ya tofa nasa. Ƙa'idar da a da ake yi tsakanin alwala da salla ta koma cin mako uku, rabinsu ma a hanya suke mutuwa. Alhaji ya koyi dafa wa mutane shayi, ya koyi tambayar lafiyar shanun Madekali. Wani lokaci ina kallonsa daga teburina, zai ciro sulusinsa ya buga a bayan kwali, ya kalli ɓarin albasa, ya yi tsaki.

Wata ranar kasuwa bayan azahar ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban haifa ba. Sannan ya rage murya ya ce, "Malam Sani, kai ɗan gida na. In wani abu na gaugawa ya taso, Sumaila na Madekali, ruwa ya cinye hanya, ƙaƙa za mu yi? Ka yanka mani guda cikakke, da tsagar da komi. Aje shi kawai za ni yi."

Na ce, "Alhaji, in kun kawo ukun nan gaban majalisa na yayyanka su, sai in yi maka wanda kaka so."

Ya ce, "Ba ka gane ba."

Na ce, "Na gane, Alhaji. Ga ruwa."

Bai ɗaga murya ba. Ya sha ruwan ma. Bayan mako ɗaya ya aiko a gaya mini yana bukatar rumfar don zai tara buhuna. Na ɗauki teburina na koma ƙarƙashin dogon yaron nan da kuke gani, na ce in dai wannan ne, da sauƙi.

Ashe somin-taɓi ne. Ana tsakiyar kakar albasa sai ga takarda a tasha: hula ta koma kamu guda. A ƙasanta ga albasa cikakkiya, gida uku, da tsagarta da karkatarta. Bayanta wata, bayanta wata. Malam Sumaila ya hau moto ya zo a fusace, yana zargin Hajiya ta haɗa kai da 'yan kasuwa 'yan uwanta. Hajiya ta ce shi dai aka saya da buhun taki. Alhaji ya ce shi nasa kawai ya buga, ya bar takarda a biro, ya dawo ya tarar da ita cikakkiya, ya ɗauka sun biyo baya ne. Da biyun suka rantse, kowa ya ciro nasa daga inda yake ɓoyewa, sai ido ya juyo wuri guda. Mutum nawa ne a Malanville suka san cikin wannan hatimi da bayansa?

Malam Sumaila ya zo har gindin bishiya. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Hannunka munka ba amana, kai ko ka saida mu." Ya juya ya tafi. Na ce a nuna mini takardun, aka ce wanda ya yi abu mene ne zai gani a ciki. Masu lodi suka ce in na taka tasha sai sun ɗinke ni a buhu, da hula.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Masu aiki suka koma tsallaka gada. Wanda ya saba tsayawa mu gaisa sai ya tuna yana sauri. Shugaban mahauta ya zo da kansa ya tambaye ni, tsakani da Allah, ko zakinsa yana da ƙane a wani wuri. Na koma rubuta lamba a bayan rigunan 'yan kabu-kabu da fenti, ni da nake yanka harafi ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don aikin fenti ba, sai don na ƙi cin amana an kuma ba ni sunan maci amana a kyauta. Taron da za a warware maganar kuwa parzidan ne mai kiransa, shi kuma yau yana Kwatano, gobe yana Paraku, jibi damina ta sauka hanya ta ɓaci. Manoma suka sayar da albasar shekara guda da doguwar hula.

Sai bayan damina Hajiya Zali ta tara wakilai biyar suka kira taro da kansu, don mushe ya tono wata aya da ta ba su dama. Maganar da ke gaba ita ce a kai ni wurin jandarma. Hajiya ta ce a dai ji ta bakina tukuna, ko kaza ma ana ba ta ruwa kafin a yanka. Aka zauna a farfajiyar lakwal da hantsi, rana tas. Na roƙi abu ɗaya: a ba ni takardun rigima, a kuma kawo jakar ajiya ta biro. Mushe ya miƙo su.

Ban fi ƙiftawar ido ina kallon ta farko ba na ga abin da nake nema. Amma ban yi gaggawa ba, don shekara guda ina jiran wannan rana. Na ciro farar takarda na ce su uku su buga mini hatiminsu sau uku. Suka buga. Na yayyage, na ɗora ɗaya a kan ɗaya, na ɗaga wa rana. Ba biyun da suka hau kan juna. Nan Alhaji ya karkata hagu, can ya karkata dama. Nan Hajiya ta matso, can ta ja baya. Na ce, "Hannu ukku ba su faɗawa wuri guda sau biyu, ko an biya su."

Sannan na ɗauki takardun rigima guda huɗu na haɗa, na ɗaga. Albasa ɗaya tak ta fito, kamar takarda guda ce a hannuna. Jama'a suka matso suna leƙe.

Malam Sumaila ya ce, "Wanga ya nuna hatimi guda na. Bai nuna ba kai ka yanka shi ba."

Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Dibi nan, gehen ganye. Mi kag gani?"

Ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Wani ɗan hwarin tabo."

"Shina ga dut huɗun?"

"Shina nan."

Na buɗe jakar ajiya na ciro takardar farko, ta ranar rumfar albasa, na ɗora a kansu na ɗaga. Tabo ya hau tabo, malalar tawada ta hau malalar tawada. Hajiya Zali ta dafa ƙirji ta ce, "Ɓawon nan na. Wanda nic ce albasa ta sa hannu."

Na ce musu ni na zana hatimin nan, na san inda kowane layi ya bi. Da ni na sake yanka shi, ganye zan yanka, don na san ganye ne. Wanda ya yi wannan bai taɓa ganin hatimin ba, hoton takarda aka ba shi, ya sa a na'ura. Na'ura kuwa ba ta san ɓawon albasa da aikin gwani ba, abin da ta gani shi take haifarwa. A lokacin babu irin wannan na'ura a Malanville ko Gaya, sai can kudu, Kwatano. Takardar mai tabo kuma tun ranar da aka buga ta, a biro guda take kwana.

Ba wanda ya ambaci suna. Kowa dai ya juya a hankali. Alhaji Garba ya miƙo hannu na ba shi takardar, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon tabon. Can ya girgiza kai ya ce, "Kuma sai da nic ce ma mutumen ga shi goge wanga abu."

Wasu suka yi salati, wasu suka faɗi ƙasa don dariya. Mushe ya tambaya ko ya rubuta wannan a takardar taro, Hajiya ta ce ya rubuta da manyan baƙi. Ba a kai kowa wurin jandarma ba. Alhaji ya ciro hatimin Kwatano daga aljihun gaba, aka ba ni na yayyanka shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, aikin ya yi kyau, robar ma ta fi tawa. A zaɓe na gaba aka ba wani sulusinsa. Ya aiko in koma rumfa, na ce na gode, na saba da bishiya. Daga baya ma ya zo na yanka masa hatimi mai sunansa shi kaɗai, yana bugawa a buhunansa da ƙofar shagonsa, har da sirdin motonsa, ba mai hana shi.

Amma suna ba ya dawowa ranar da aka wanke shi. Mako biyu ina zaune, mutane suna gaishe ni da fara'a fiye da kima, suna wucewa da aikinsu zuwa Gaya. Ranar kasuwa ta uku, wuri cike da jama'a, sai ga moto ya tsaya. Malam Sumaila ya sauko, ya yi sallama, ya tsaya yana susar ƙeya. Mutum ne da bai iya ba da haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Sai ya sa hannu a wuyan riga, ya zaro igiyar nan da ko wanka ba ya cirewa, ya kwance sulusinsa daga cikin layu, ya ajiye a teburina. Robar ta lotse saboda danna, ta fara ɓanɓarewa daga katako.

Ya ce, "Ya gaji. A gyara mani."

Na ce, "Zamna, Malam, yanzu za ni manne shi gabanka."

Ya ɗaga murya yadda masu shinkafa da mahauta za su ji, ya ce, "Ina da ban ruwa. Bar shi wurinka, sai kasuwa mai zuwa in amsa."

Ya hau moto, har direba ya tayar, sai ya dafa kafaɗarsa ya juyo. Ya ce, "Malam Sani, gyara nic ce. Kada ka sa shi yi kyau."

Kwana bakwai sulusin manoman Madekali ya yi a aljihuna. Kafin ya dawo, shugaban mahauta ya kawo zakinsa a sake masa mariƙi.